Takalmin Maigidana a Kantar Inna Mai Keke

Kaka, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin har na fara haɗa kayan yaranmu biyu.

Wata bakwai ke nan da muka dawo wannan unguwa, bayan kamfanin da maigidana yake yi wa tuƙi ya rufe. Da a gida mai famfo da ƙofar ƙarfe muke. Yanzu ɗaki biyu ne a ƙarshen wani layi da kwata ta fashe ta mamaye shi, rani da damina. Mota ba ta shiga, bola kuma tana bayan tagarmu. Ni a asibitin haƙori nake aiki, ni ke karɓar mutane a bakin ƙofa, kin ga ba zan je da laka a ƙafa ba. Har yau abokan aikina ba su san mun tashi ba.

A bakin layin, daidai inda kwalta ta fara, akwai shagon wata tsohuwa mai ɗinki, Inna Mai Keke suke ce mata. Ta kafa kanta mai hawa huɗu a jikin bango. Duk mai zuwa aiki sai ya tako taɓon da silifas, ya zauna a bencinta ya wanke ƙafa da buta, ya ɗauki takalminsa na kirki daga kantar, ya bar silifas ɗin. Da yamma ya musanya. Ba ta karɓar komai, wannan ne ma ya fara sa ni zargi. Wa zai tsare wa mutum arba'in takalmi haka kawai?

Tun satin farko ta ce in kawo nawa, wai akwai wuri. Na ce na gode. A leda nake ɗaukar abina, in wuce shagonta, in laɓe bayan wata matacciyar mota in canza. Kaka, kin san abin da ake iya yi wa mutum da takalminsa. Ko ba wannan ba, kantar nan ai gidan rediyo ce: wa ya fita, wa ya makara, wa ta sa takalmi mai tsini ranar da babu aiki.

Kwanaki zazzaɓi ya kwantar da ni. Ana kwana uku sai ga ta a ƙofata, ita da matar mai facin taya, wai sun ga Mai Leda ba ta wuce ba. Ashe sunan da suka sa mini ke nan! Suka yi shara, suka ɗebo ruwa, suka wanke kayan makarantar yara. Ina kwance ina ganin idanunsu na yawo a kan kujerunmu da firijin da ba ma kunnawa. Da suka tafi sai da na ɗaga katifa na duba.

Shekaranjiya kuma ina wucewa na ɗaga ido, sai ga baƙin takalmin maigidana a hawa na biyu. Na tambaye shi, ya ce ai wata biyu ke nan yana ajiyewa. Wata biyu, bai gaya mini ba! Mutumin da ya rantse mini ba za mu shekara a nan ba, yanzu har zama yake a bencin yana ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa kullum ciwon kai, na rame, yara ba na barin su leƙa waje, ƙaramar ma ta rage magana. Yayana ya ce in taho da su, akwai ɗaki a gidansa. Shanye mini miji aka yi? Me suke nema a wurinmu? In tafi?

Wadda ta rasa sukuni

Jikalle,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun da tabarau. Inda na tsaya na yi dariya har da tari shi ne wurin matacciyar motar nan. Mace mai aikin asibiti, tsaye da ƙafa ɗaya kamar kaza a ruwan sanyi, kina zaton ba a ganin ki. Unguwa duka ta gan ki, 'yar nan, ta yi miki kara ne.

Bari in fara ba ki gaskiyarki. Ana gulma a bencin nan, babu ko shakka. Da ni ce Inna Mai Keke, da tuni na san wadda dunduniyarta ta fashe da wanda safarsa ta huje, kuma da na ba da labari. Sun kalli firijinki kuwa, ni ma da zan kalla. Kwata da bola su ma ba sharrin ido ba ne, suna sa cuta, suna ƙuntata zuciya. Kina da hakkin ki ƙi su.

Amma maganar asiri, ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, sai dai na san mai son cutar da ke ba ya fara da wanke kayan 'ya'yanki. Na taɓa zama da wata maƙwabciya da nake zargi shekara guda cur, don kullum tana leƙen tukunyata ta kan katanga. Har addu'o'i na yi ta tofawa a murhu. Ashe baiwar Allah ba ta iya girki ba ne, koyo take. Da na gane, sai na riƙa ɗiban gishiri ninki biyu a gabanta, in ɓoye rabi a hannu. Mijinta ya sha wuya wata guda, Allah ya yafe mini.

Abin da ya tsorata ki a hawa na biyun nan ba magani ba ne. Gani kika yi kamar maigidanki ya sallama, ya yarda nan ne gida. Shi kuwa ya ɓoye miki ne don ya san haka za ki fassara. Bai kyauta ba, ki faɗa masa. Sai dai ki lura, shi yana dariya, ke kina ramewa, alhali kwata ɗaya kuke takawa. Namiji da ya rasa aiki ya sami inda ake kiran sa a zauna, wannan magani ne. A irin bencin nan ma ake jin inda ake neman direba.

Ga abin da za ki yi. Gobe ki sa a auna miki jini, ba na son ciwon kan nan. Ki zaunar da shi ki tambaye shi kai tsaye ko maganar tashi tana nan, ku sa mata lokaci tare. Ki kai wa Inna takalmi, tsoho tukuna, wanda ko an yi masa asiri ba ki da asara. Ki zauna minti biyar, ki yi gaisuwa, ki riƙe sirrinki a cikinki, ba a ce ki juye musu shi ba. Yara kuma a bar su su fita inda ya bushe, kina kallon su. Shirun ƙaramar nan ya fi kwatar damuna. Kuma tunda ke ce mai iya magana da manya a wurin aiki, ki tambayi mutum arba'in ɗin nan ko sun taɓa zuwa tare ofishin da ke gyaran kwata.

Ki gode wa yayanki, ki ce ya ba ki wata biyu. In kin gwada duk wannan jikinki bai karɓa ba, ku tashi, amma ku huɗu, ba ku uku ba. Ki kwance kayan yaran nan yau.

Allah ya ba ki lafiya, ya buɗa wa maigidanki, ya sa ku fita daga layin nan kun bar masu kewar ku.

Kakarki