Zuwa ga Yaya Sanusi, Mai Ɗaukar Ƙara a Kaset

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka, ko da yake ban san ƙasar da zan aika ta ba.

Na tuna shagonka na gyaran rediyo a bakin kasuwar Illela. Mutane suna sayen kaset ɗin mawaƙa, kai kana ɗaukar kukan injin niƙa, da gurnanin manyan motocin Ƙonni, da shuuu ɗin rediyo tsakanin tasha da tasha. Har Kalmalo ka je don kwaɗin tafki. Sai ka haɗa rakoda biyu, ka danne zaren kaset ɗin da yatsa har ƙarar ta koma kamar nishin mara lafiya. Ka ce mini, "Saurara da kyau, Hadiza, akwai kiɗa ciki." Na saurara, ban ji ba.

Baba ya ce, "Wanga taɓin aljannu na." Aka kira malami, aka ba ka rubutu, aka turara ka gaban abokanka. Ba ka yi musu ba. Ka daina cin abinci da mu kawai. Shekarar da aka rufe iyaka ka bi masu raƙuma ta daji, ka ce akwai garin da za a saurare ka. Tun ranar ko saƙon baki ba mu samu ba.

Baba ya rasu bara, Yaya. Inna kuma idonta ya tafi. Ita da take toshe kunne in ka kunna, ita ce take sa ni ɗauko kaset ɗin injin niƙa kowane hantsi, don a tsakiyarsa ka yi tari, ka ce, "Ku yi kurum, ɗauka nika yi." Iyakar muryarka da ta rage mana ke nan.

Ranar Lahadi rakoda ta tauna zaren. Na yanke inda ya lalace, na liƙa da jan farce, na kunna mata. Ta zauna har ƙarshe tana jira. Sannan ta ce, "Yau bai yi magana ba." Ta juya wajen bango.

In kana raye, ka zo, ko ka aiko da kaset, ko da ƙarar banza ce. In kuwa ka riga mu, Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya ba Inna haƙurin da ni na rasa.

Ƙanwarka,
Hadiza