Kabarinka da Ciyawa Ta Cinye

Assalamu alaikum, Yaya Habu. Gaisuwa da girmamawa daga ƙaninka Sabi'u. Ina Guangzhou yanzu, a wani masauki kan titin Huanshi Lu. Kasuwa ta dawo nan, kowa ya kwashe kayansa daga Indunisiya, kai kaɗai aka bari.

Ka tuna ranar da ka fara kai ni Jakarta? Muna saukowa daga jirgi iska ta lulluɓe ni kamar tururin tukunya. Ko'ina kore shar, ayaba a bakin kwata ba mai kallonta, ruwan sama kullum bayan azahar. Na ji kiran salla ta kowace kusurwa, na ci shinkafar da aka dafa da kwakwa ba tare da na tambayi wa ya yanka kazar ba. Ka ce min, "Sabi'u, nan ko mutuwa ka yi ba ka yi asara ba." Wallahi na so ƙasar nan a ranar. Yau ko sunanta ba na son ji.

Zazzaɓi ya ɗauke ka kafin mu gama sayen atamfa. Mutanen unguwar sun yi mana halacci, su suka yi maka wanka da salla. Da aka rufe ka, mai kula da maƙabarta ya kawo katako a rubuta sunanka, yadda suke yi. Alhaji Ɗanlami, babbanmu a tafiyar, ya ture katakon da ƙafa. "Mu a Kano ba ma haka. A kafa ice ya isa." Aka kafa ice. Shi ya ɗauka ƙasar ko'ina irin tamu ce, mai riƙe tudun kabari shekara da shekaru.

Da na koma bayan damina, Yaya, ban gane wurin ba. Ruwa ya baje tudun, ciyawa ta kai ƙugu, icen ya ruɓe ko an tsige. Mai kula da wurin ma an canza shi. Na zaga har ƙafata ta kumbura, kowane kabari da sunan mai shi, ban da naka.

Jiya na ga Alhaji a kasuwar Canaan yana zaɓen riguna. Na yi masa maganar, ya ce ai ƙasa duk ta Allah ce. Shi da ba ya fashin ziyarar kabarin mahaifinsa duk Juma'ar da yake gida. Raina ya ɓaci har yanzu, ban yafe ba tukuna.

Inna ta tsufa sosai. Ba ta neman tsaraba. Duk sanda na kira waya abu ɗaya take tambaya, "Ka samo min inda yake?" So take a tsaya a kanka a ce tana gaishe ka, kafin ita ma ta tafi.

Allah da ya san wurin, ya kai maka haske da sanyi, ya isar maka da gaisuwarta.

Ƙaninka da ya kasa samun inda zai tsaya,
Sabi'u