Tsagar Bangon Ɗakinmu

Baban Rifkatu,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta kai hannunka ba, amma yau kwana tara ban sami wanda zan faɗa wa abin da ke cikina ba, kuma kai na saba faɗa wa.

Daga filin firamaren unguwarmu nake rubutu. Nan aka tara mu bayan girgizar ƙasar da ta ɗauke ka. Ba wanda ya yarda ya shiga aji. Mun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tampol, in ruwa ya sauko gwamma mu jiƙe da mu zauna ƙarƙashin rufi. Ƙasar ba ta gama ba. Jiya da rana ta sake motsawa muna layin abinci, kowa ya watse da gudu, ba wanda ya san inda zai nufa. Yanzu ko tirela ce ta wuce, sai mata su miƙe su sunkuci yara.

Kayan agaji sun fara zuwa: shinkafa, garin masara, barguna, gidan sauro. Matan zumuntar coci da matan 'yan kasuwa Musulmi ke dafa mana a murhu ɗaya. Ruwa ne damuwar. Rijiyoyi sun koma ja, tanka sau ɗaya take zuwa a rana, har doke-doke ake yi a kanta. Yara sun fara gudawa, ma'aikatan lafiya suna magana ƙasa-ƙasa, na dai ji sun ambaci kwalara.

Ka san wanda ya fito da kai? Alhaji Sani mai yadi, maƙwabcinmu. Da diga ya fara, da ta karye ya ci gaba da hannu har faratansa suka fita. Ya ce da farko yana jin kana buga wani ƙarfe, daga baya ya daina ji. Katafila ba ta iso daga Kaduna ba sai rana ta uku. Ka daɗe kana bugawa? Ka ji ina kiranka? Ranar jana'izarka a bakin coci ya tsaya, hannuwansa a naɗe da bandeji, har aka tashi.

Ma'aikatan gwamnati sun shafa wa abin da ya rage na gidanmu jan fenti, gobe za su rushe shi. Sun ba ni izini in kwashi kaya, na kai ƙofa sau biyu na dawo. Littattafan ɗalibanka da ba ka gama dubawa ba suna ciki.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Fasto. Ka tuna motsin farko, mako biyu kafin babban, wanda ya tsaga bangon ɗakinmu daga taga har ƙasa? Ka sa yatsanka a ciki ya shige. Ka ce mu koma Kagoro wurin yayanka Bitrus har a ga yadda za ta kasance. Ni na ƙi. Na ce ina da ɗinkin anko na biki, ba zan bar kekena ba. Har dariya na yi maka, na ce malamin lissafi ya zama matsoraci. Ba ka yi musu ba, ka kwaɓa siminti ka toshe. Bangon nan ne ya faɗo maka, ni kuwa ina kasuwa ina zaɓen zare. Mamarka tana rungume ni kullum tana cewa nufin Allah ne. Yaya zan dubi idonta in faɗa mata? Me ya sa ba ka daka mini tsawa ba ko sau ɗaya?

Rifkatu tana da rai. Ta ce ka tura ta ƙofa da ƙarfi har ta faɗi, sai bulo ya danne mata ƙafar hagu. Tana asibiti, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Yau da ƙarfe huɗu likita zai faɗa ko za a kai ta Jos ko za a yanke a nan, kuma ni kaɗai zan sa hannu. Shekararta goma sha huɗu, Baban Rifkatu. Ban taɓa sa hannu a komai nata ba kai ba ka kusa.

Ba ta san ka tafi ba. Na ce mata kana ɗakin maza, ba a yarda ka tashi ba. Kullum tana rage rabin kununta ta ce in kai maka, ni kuma in fita da shi in tsaya bayan ɗaki har ya huce. Shekaranjiya ta tambayi dalilin da ba ka ko aiko da gaisuwa ba, ta daɗe tana kallona. Ina jin ta fara ganewa.

Ba zan bari ta shiga tiyata a kan ƙarya ba. Yau zan faɗa mata, kafin likita ya shigo. Ban san da wace kalma zan fara ba.

Uku ta wuce, ga Bitrus can ya tayar da mashin yana jirana. Ka yafe mini. Ka huta, sai mun sadu a gaban Ubangiji.

Matarka,
Ladi