Keken Batir na Baba Kumai

Kafanchan, Afrilu 1976

Ƙanwata Hellen,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya makaranta da yaran ajinki? Yaya maigidanki da mutanen Sabon Tasha? Emilia da yara suna gaishe ki.

Na ji abin da kika ce, a kawo Baba Kaduna ki riƙe shi. Ba zan ɓoye miki ba, lamarin ba daɗi. Ba ciwon ne ya ƙaru ba, zuciyarsa ce ta karye. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba ya son magana, tuwo ma sai Emilia ta yi ta lallashi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa injin jirgin ƙasa kwal daga nan har Inugu, yau in jirgi ya yi kuka sai ya juya fuska ga bango.

Amma ki ba ni lokaci. A ma'aikatarmu ta Reluwe, inda nake kula da batiran fitilun tarago, akwai wata tsohuwar amalanken ɗaukar kaya mai aiki da batir, an daɗe da jingine ta. Foman, wato shugaban sashenmu, ya ba ni izini na cire injinta, ya haɗa mini da tsofaffin batira biyu. Ina so in ɗora su a kan keken guragu, Baba ya riƙa tuƙa kansa da hannun hagu.

Allah ya kiyaye ki.
Yayanki, Silvanus

Sabon Tasha, Mayu 1976

Yaya Silvanus,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya cikin alherin Ubangiji.

Yaya, Baba ba kaya ba ne da za a ɗora a amalanke. Na sha ganin yadda ruwan batir yake cinye maka wando, yanzu a kansa za ka zaunar da tsoho mai hannu ɗaya? In ya zubo masa fa? In abin ya kwasa da gudu ya jefa shi kwata? Kai tun muna yara, in ka ga waya sai ka manta da mutane.

Na riga na share masa ɗaki, asibiti kuma ba nisa da mu. Da an yi dogon hutu a Agusta zan zo in tafi da shi. Ka yi haƙuri da zafin maganata, tsoro ne.

Ka gaishe mini da Baba da Emilia.
Ƙanwarka, Hellen

Kafanchan, Yuni 1976

Hellen,

Gaisuwa mai yawa. Ban yi fushi ba. Saboda maganarki ma na yi wa batiran akwatin katako mai murfi, na kuma rage wa injin gudu, bai wuce tafiyar mutum ba.

Ran Asabar na turo keken tsakar gida. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ina tukunyar wutar?" Na ce babu. "Ina tankin mai?" Na ce babu. Ya ce, "To ka kwashe tarkacenka."

Da ƙyar ni da Emilia muka zaunar da shi. Na ɗora hannunsa a kan maɓallin, ya danna. Hellen, keken ya tafi! Ba hayaƙi, ba ƙara, sai ɗan gurnani kamar na kyanwa. Ya wuce rijiya, ya zagaya bishiyar mangwaro, kaji na watsewa. Ya tsaya. Can ya ce in buɗe akwatin.

Na nuna masa falle-fallen darma a jiƙe cikin ruwan batir. Na ce in aka jona shi da lantarki, ƙarfin yakan shiga ya kwanta, kamar acca a rumbu, sai ranar da aka nema. Ya taɓa batirin da bayan hannu ya ji shi da sanyi. Ya ce, "Ni na san ƙarfi da zafi da ihu. Gashin girata ya ƙone a bakin tanderu kafin jirgi ya motsa. Wannan kuma yana kwance shiru kamar gawa, amma ya ɗauke ni."

Ya tambayi inda lantarkin ya fito. Na ce daga ruwan da ke faɗowa daga duwatsun Filato yana juya injuna, waya ta kawo shi nan. Ya ce, "Kana nufin ruwa ne ya kai ni gindin mangwaro?" Na ce, kusan haka ne, Baba. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Naki, Silvanus

Kafanchan, Yuli 1976

Hellen,

Ina gaishe ki. Gara ki ji wannan daga bakina kafin masu zuwa Kaduna su ƙara masa gishiri. Baba yana lafiya, ki fara riƙe wannan.

Ran Talata ina wurin aiki, Emilia ta dawo daga kasuwa ta tarar ba Baba, ba keke. Ta zo ma'aikata da kuka. Muka duba coci, muka duba tasha, muka leƙa kowace kwata, maganarki tana ta yi mini yawo a kai. Ga hadari ya haɗu. Wata mai gasa masara ce ta ce ta ga wani tsoho a kujera mai tafiya da kanta ya bi hanyar Matsirga, inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse, har ta bar masararta ta ƙone tana kallo.

Na ari basukur na bi sawun tayoyin keken Baba a laka. Ban kai ga ruwan ba na hango su. Wani Bafulatani, Jibir, yana gaba da sandarsa, ga farin bijimi an ɗaura masa igiya yana jan keken, Baba a zaune ya jiƙe sharkaf, yana dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin Mama ta rasu.

Ashe ya kai har inda ruwan yake faɗowa. Ya zauna yana kallo, feshin yana dukan fuskarsa. Da ya juyo, laka ta riƙe tayoyin, batirin ya ƙare. Jibir ya ce ya same shi yana waƙar coci da iyakar muryarsa. Ya ce mini, "Tsohon nan ya ce ruwa ne a cikin akwatin yake tura shi. Na kara kunne, ban ji motsi ba. Gaskiya ya faɗa?" Na rasa ta inda zan fara, na ce gaskiya ne. Jibir ya girgiza kai ya ce, "Allah mai iko."

Na yi wa Baba faɗa a hanya. Bai saurare ni ba. Ya ce, "Silvanus, tun ina yaro nake ganin ruwan nan, ban taɓa sanin ana iya ɗibar ƙarfinsa a ajiye wa gurgu ba."

Yanzu ban san abin da ya fi ba, Hellen. Na tsorata ƙwarai. In kin ce a kawo shi, ba zan yi gardama ba.

Yayanki, Silvanus

Kafanchan, Agusta 1976

'Yata Hellen,

Na gaishe ki da mijinki. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu na yi shi, ya ci mini yini guda.

Na gode da ɗakin da kika share. Ki sa baƙi a ciki. Ni ba zan zo ba, ina da wuraren zuwa. Na yi wa yayanki alkawari ba zan sake wuce kasuwa ni kaɗai ba.

Ki shigo jirgin Jumma'a. Kada ki nemi mai ɗaukar kaya. In kin sauka ki duba wajen ofishin tikiti, ni zan zo tarbarki.

Ubangiji ya kawo ki lafiya.
Babanki, Kumai