Digar Bukar

Gure, daren Alhamis

Yau muka binne Bukar. Ga shi na rubuta da hannuna, amma zuciyata ta ƙi yarda.

Da safe muna tsaye a ƙofar gidansu ana maganar kabari, sai liman ya juyo ya ce da ni, "Malam Isuhu, aika a kira Bukar ya zo da digarsa." Bai rufe baki ba ya tuna. Tsohon nan ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ba laifinsa ba ne. Tun da Bukar ya bar soja ya dawo gida, duk wanda ya rasu a unguwarmu shi ke fara sara ƙasa, ba sai an kira shi ba. Mara lafiya kuwa, in babu mota, goya shi yake yi har gidan likita.

Ni na ɗauko digar a bayan ƙofarsa. Ƙotar ta yi sumul saboda riƙo. Mu huɗu muka yi ta fama da aikin da yake yi shi kaɗai, hannuna duk ya yi bororo.

Allah ya jiƙanka, abokina. Tun ɗazu lakwal nake tunawa, makarantarmu ta yarinta, ranar tsere, yana keta rairayi ba takalmi, ni ina bayansa ina haki. In ya kai sai ya juyo yana dariya, ya miƙo mini ruwa, ya ce, "Sannu, na biyu."

Yau ma ya riga ni. Sai dai wannan karon bai juyo ba.