Ragon Maigari ya tafi a banza

Laraba da dare, Illela

Raina a ɓace yake. Ni na yi wa 'yan wata ƙungiyar agaji tafinta ranar da suka duba rijiyar ƙauyen Araba da ta rufta. Shugabansu ya ce, "We will get back to you on Wednesday," na gaya wa Maigari Laraba za su dawo. Yau ya yanka rago, mata suka wuni suna girki, ba wanda ya zo.

Da na kira shugaban, dariya ya yi. "Malam Sani, ai get back ba dawowa ba ne, saƙo za mu turo."

Saƙon ma shiru.

Maigari ya tambaye ni, "Mi suka ce, ɗana?" Na kasa haɗa ido da shi. Mutane na fama da ƙishirwa, wani yana koya mini Turanci. Tir!