Sharaɗin Baba Bunu

Haɗeja, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanwata Zulfa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Abdulganiyyu, da zaman Ibadan. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana leƙa maƙwabta, shinkafar fadama kuwa bana ambaliya ta bar mana ita, mun yanke.

To, maganar takardarki. Kin ce masu ba da tallafin digiri na uku a ilimin harshe ba za su duba buƙatarki ba sai da shaidar yardar waɗanda za ki naɗi maganarsu, kuma ƙarshen wata za su rufe. Ranar Lahadi na hau babur na tafi Guri wurin Baba Bunu, tsohon masuncin nan abokin marigayi mahaifinmu Buba. Na ce masa so kike ki tattara sunayen kifi da na ruwa irin na mutanen dā kafin su ɓace. Wallahi tsohon nan har ƙwalla ya yi. Ya ce jikokinsa duk sun koma acaɓa, ba mai tambayarsa komai, ashe 'yar Buba ce za ta tambaya.

Amma fa da sharaɗi. Ya ce shi a kan tabarma ba ya tuna komai, sai ya gan shi a kan ruwa da kifi a hannu. In kina so, sai ki shiga kwalekwale ku bi rafi tare, kamar yadda ubansa ya koya masa. Na kwashe da dariya har ya tambaye ni ko lafiya. Ban gaya masa ke ce ko gada ba kya hayewa sai kin rufe ido kin riƙe min riga ba. Na dai ce kin yarda. Ya dangwala yatsa, mai unguwa ya sa hannu, ga takardar nan haɗe da wannan.

Kada ki yi fushi da ni, Zulfa. Da zai dangwala, sai da na riƙe masa hannu saboda rawa. Tausayi ya kama ni, na ga ba shi da lokacin jiran ki daina tsoro.

Inna na gaishe ki, haka Adila da Bara'atu. Ki gaida maigida. Baba Bunu ma yana gaisuwa, na baro shi ya kifa jirginsa yana toshe ɓaraka, ya ce ki zo kafin ruwa ya janye.

Yayanki,
Ja'afar.